Hoton matakalar ruwa ta Ingila: ga inda zan fara nema

Malam, ka sa tsohon hoto baƙi da fari na matakalar ruwa, wato wurin da ake rufe jirgi tsakanin ƙofofi a ɗaga shi ko a sauke shi a kan kanal (hanyar ruwa da aka haƙa don jirage), kana tambaya ko ina ne. A hoton akwai siririn jirgi, da ƙaramin gida mai rufi zagayayye kamar rabin ganga, da gadar ƙarfe mai tsaga a tsakiya.

Ka ƙyale ƙofofin da bishiyoyin tukuna. Ƙofar itacen oak ce, ana sake ta kusan duk bayan shekara 25, bishiya kuwa ta girma ko an sare ta. Abin da ba ya gusawa shi ne ginin bulo da dutse, da gada, da gidan ma'aikaci, da yadda ruwan ya karkata.

Faɗi shi ne ma'auni na farko. Idan jirgin ya cika akwatin ruwan, ba wurin na biyu a gefensa, to ƙaramar matakala ce mai faɗin ƙafa 7 da tsawo kusan 72, irin ta tsakiyar Ingila. Manya suna da faɗin ƙafa 14. Wannan kaɗai ya fitar maka da kanal masu manyan matakala, irin su Leeds and Liverpool da Kennet and Avon, daga lissafi.

Gidan nan shi ne babbar shaida. Rufin rabin ganga alama ce ta kudancin kanal ɗin Stratford-upon-Avon, ɓangaren da ya taso daga Kingswood, wanda aka kammala a 1816. Gidajen 'yan kaɗan ne, ba su kai goma ba. Akwai a Kingswood, akwai wajen Preston Bagot, akwai kuma na Lowsonford a gefen matakala ta 31, wanda Landmark Trust, ƙungiyar adana tsofaffin gine-gine, ke kula da shi yanzu. Gadar ma ta dace: rabi biyu ce ta zubin ƙarfe, kowane rabi ya fito daga gefensa, aka bar tsaga kamar faɗin yatsa don igiyar dokin da ke jan jirgi ta wuce ba tare da an kwance ta ba. Amma kada ka dogara da ita kaɗai, domin akwai ƙananan gadoji masu tsaga a Trent and Mersey da Staffordshire and Worcestershire. Haɗuwarta da gidan ne ya sa na karkata ga Stratford.

Daga nan sai taswira. Ɗakin karatu na ƙasa na Sikotilan ya sa tsofaffin taswirorin Ordnance Survey, hukumar taswira ta Birtaniya, a intanet kyauta. Ka zaɓi masu inci 25 a mil guda, ka jera su da hoton tauraron ɗan'adam. Ka bi matakala ɗaya bayan ɗaya, kana duba gefen da hanyar doki take, ko gidan yana sama ko ƙasan matakalar, da nisan gadar daga ƙofar ƙasa. Ƙofa kullum tana buɗewa zuwa ɓangaren da ruwa ya fi tsayi, da haka za ka gane inda mai hoton ya fuskanta.

Abu biyu ke ɓatar da mutane. Na farko, hoton da aka wanke a juye, hagu ta koma dama, sai ka yi ta nema ba ka samu ba. Ka ƙara girman rubutun jikin jirgin, idan haruffan sun juye, ka juya hoton. Na biyu, sunan garin da ke jikin ɗakin jirgin. Dokar 1877 ta sa a yi wa jiragen da ake kwana a ciki rajista, saboda haka garin da aka yi rajistar ke nan, jirgin kuwa yana iya yin nisa da shi sosai.

Ka duba bayan hoton ma. Idan katin gidan waya ne mai layi ya raba bayansa biyu, bai riga 1902 ba. Idan kuma ƙofofin sababbi ne, ga mutane da kayan shaƙatawa, ka yi tunanin bayan 1964, shekarar da aka sake buɗe kudancin kanal ɗin Stratford bayan gyara.

Ka sake ɗaukarsa da sikana, aƙalla ɗigo 600 a inci, ka turo mana kusurwar gadar da gungumen tura ƙofa, a nan ake samun lambar gadar ko ta matakalar.