Kumburin jijiyar jini a gindin ƙwaƙwalwa: a jira ko a yi tiyata?

Malam, kana tambaya ko za a jinkirta tiyatar Hajiya, bayan hoton kai ya nuna kumburin jijiyar jini a gindin ƙwaƙwalwa, fatar idonta kuma ta sauko. Kada a jinkirta, a kai ta wajen likitan tiyatar ƙwaƙwalwa yau.

A wannan wuri jijiyar jinin tana dab da jijiyar da ke ɗaga fatar ido, don haka saukowar fatar alama ce cewa kumburin yana danne ta, kuma yana iya fashewa. A aikin jinya nan Jos na ga cewa faɗin wuyan kumburin, wato inda ya haɗu da jijiyar jinin, na cikin abin da likita ke dubawa kafin ya zaɓi matse shi da ƙaramin ƙarfe, ko toshe shi ta siririn bututu daga gindin cinya.