Rassan bugenbil ɗina sun bushe, in sa a sare shi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da furen bugenbil a jikin katangar gidana a unguwar Domayo, nan Marwa ta Kamaru, shekararsa 5. Tun bayan damina rassa da yawa suka bushe, ganye na yin rawaya yana zuba, alhali safe da yamma muna ba shi ruwa. In sa a sare shi daga gindi ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Don Allah a ajiye adda tukuna. Ruwan nan na safe da yamma shi na fara zargi. Bugenbil asalinsa daga Kudancin Amurka ne, rana yake so da ƙasar da ruwa ke wucewa. Ƙasar Marwa kuwa a wurare da yawa laka ce, irin karal ɗin da ake dasa masakwa a kai, mai riƙe ruwa kwana da kwanaki. Saiwa ta daɗe cikin danshi sai ta ruɓe, reshe kuma ya mutu daga sama. Ki tona gindin kaɗan da hannu: in kin ji laima, a bar ban ruwa har ƙasar ta sha iska. Shukar da ta kai wannan shekaru, ruwa mai yawa sau 1 ko 2 a mako ya ishe ta. Ki duba har da gara, don busasshen itace ke jawo ta.

Sai yankan. Ba duk reshen da ya zubar da ganye ne ya mutu ba. Ki kankare ɓawon da farce: in kore ya bayyana, yana da rai, a ƙyale shi, in ya yi ruwan ƙasa yana karyewa ƙas, ya tafi. Ki bi shi ƙasa-ƙasa har inda koren ya fara, a yanke a karkace ɗan sama da ido, wato inda toho ke fita. Kada a bar dungu, nan ruɓa ke shiga. Almakashin yankan reshe mai kaifi za a sa, mai kauri kuma zarto, domin adda tsaga itacen take yi. A riƙa goge bakin ƙarfen da ruwan jabel, wato bilic ɗin wanki, kuma a sa safar hannu, ƙayarsa ba ta da sauƙi.

Mataccen reshe yau ma a cire shi. Amma rage masu rai ki jira furen ya zube, wajen ƙarshen Mayu, gab da saukar damina. Zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana ƙona reshen da aka tsiraita. Ko a lokacin kada a cire fiye da kashi 1 cikin 3. A sabon toho yake yin fure, saboda haka yankan zai ƙara masa kyau. Taki kuma a sassauta, yawansa ganye yake kawowa, fure ya ragu.