Ƙoƙi-ƙoƙi ta yi ƙwai a cikin roba: amsoshin wasiƙunku

Tambaya: Ɗana mai shekara 11 ya kama ƙoƙi-ƙoƙi a jikin zogale, ya sa ta a robar alewa yana kiwo. Shekaranjiya ta manna wata kumfa a jikin murfin, kumfar ta bushe ta yi tauri, cikinta kuma ya motse. Yaron sai kuka yake wai za ta mutu. Me zan saya mata? (Wata uwa, Zariya)

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki kuma lallashi yaron, lafiyarta ƙalau. Ƙwai ta yi. Kumfar nan gidan ƙwan ne, kuma a manyan korayen da muke gani a lambu akan sami ƙwai sama da 100 a ciki. Tunda babba ce aka kama a waje, mai yiwuwa ta riga ta haɗu da namiji, don haka ku sa ran ƙyanƙyasa nan da mako 4 zuwa 6. Za ta iya sake yin wani ma.

Babu abin saye. Ki nemi wata roba mai zurfi, ki mayar da murfin da ƙwan ke jiki kanta yadda zai rataya, a bar fili a ƙasa, domin 'ya'yan suna fitowa ne suna lilo a jikin wani siririn zare kafin jikinsu ya bushe. Ki huda gefen robar ki rufe da tsohon mayafi don iska. Kada a ɓamɓare ƙwan da farce, kada a ajiye a rana, a kuma nisanta shi da kiyashi. In hunturu ne, a yayyafa ɗan ruwa a bangon robar duk bayan kwana biyu, amma ban da jiƙa ƙwan. In sun fito, ki sa yaron ya saki yawancinsu a jikin zogalen nan, domin in aka bar su tare cin junansu suke yi. Ya riƙe biyu ko uku, kowace da robarta, abincinsu ƙananan ƙudajen da ke taruwa a kan ɓawon ayaba ko ruɓaɓɓen mangwaro. Ki shirya zuciyarsa tun yanzu: rayuwar ƙoƙi-ƙoƙi duka ba ta cika wuce shekara ɗaya ba, wadda ta fara ƙwai kuwa watanni suka rage mata. Ba laifinsa ba ne in ta mutu.

Tambaya: Na ga wani a Instagram yana tallar ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi mai launin fure, fari da ruwan hoda. Ya ce in tura N25,000, zai sa mini a mota. In tura? (Ɗalibi, Kano)

Amsa: Kada ka tura, ɗana. Wannan ƙwaron na dazuzzukan Malesiya ne da Indonesiya, inda iska ke jiƙe shekara duka. Kai kana Kano, inda a watan Janairu leɓe ke tsagewa, ga wutar lantarki da ka fi ni sanin halinta. Da me za ka riƙe masa danshi dare da rana?

Wannan ma in da gaske ƙwansa ne. Mace tana yin gidan ƙwai ko ba ta taɓa ganin namiji ba, kuma a ido ba ka bambance mai rai da marar rai. Akwai wanda ya riga ya ƙyanƙyashe, sai ɓawo. Akwai wanda wani ɗan mitsitsin zanzaro ya cinye cikinsa, alamarsa ƙananan ramuka zagayayyu a gefe, waɗanda hoton waya ba zai nuna maka ba. Sai ka yi mako shida kana jira, ka koma neman mai kaya ka tarar ya toshe lambarka.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda samarinmu suka ɗauka duk abin da aka ce daga waje yake ya fi na gida. Nau'in ƙoƙi-ƙoƙi a duniya ya haura 2,400, kuma babbar koriyar nan ta Afirka, wadda masu kiwo a Turai ke biyan kuɗi su saya saboda juriyarta, ita ce ke zaune a katangar gidanku bayan damina, kyauta. Kuɗin da za ka cika cefanen kwanaki da shi za ka damƙa wa wanda ko fuskarsa ba ka sani ba? Haka masu cewa manoma su sayi ƙwai su saki a gona maganin ƙwari. Ƙoƙi-ƙoƙi ba ta zaɓe, tana cin tsutsa, tana cin ƙudan zumar da ke yi maka aiki a furen kabewa. Ɗauki fitila da daddare ka duba jikin shuka, in kana son kiwo.

Tambaya: Zan iya ba ta soyayyiyar fara? (Daga Maraɗi)

Amsa: Haba Malam, da yaji da gishirin? Abu mai rai mai motsi take kamawa. Ƙuda, ƙaramar fara, gyare, kada dai ya wuce rabin tsawonta, duk bayan kwana biyu ko uku.

Tambaya: Tawa ta ƙi cin abinci, ta rataye kai ƙasa ba ta motsi. (Wata budurwa, Katsina)

Amsa: 'Yata, in ba ta yi fiffike ba tukuna, saɓa za ta yi. Cire duk ƙwaron da ke ciki, kada ki taɓa ta sai kwana ɗaya bayan ta gama, ki tabbata tsayin robar ya ninka tsawonta sau uku. Amma ki tambayi mutanen gida ko an fesa fiya-fiya ko an kunna maganin sauro a ɗakin. In an yi, fitar da ita tsakar gida, cikin inuwa, yanzu.