Gurzazzun Haruffa: Na Sayarwa Ko Na Kyauta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zanen fosta da tambarin kamfanoni a kwamfuta, kuma ina sha'awar manyan haruffan nan da ake yi wa zaizaya da tabo da gangan, kamar an buga su da tsohon hatimi. Akwai na sayarwa, akwai na kyauta. Wanne zan ɗauka, kuma za su dace da tambari?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sanin asalin waɗannan haruffa zai taimaka maka wajen zaɓe. Da yawa daga cikinsu kwaikwayo ne na haruffan katako da aka riƙa buga manyan fostoci da su a ƙarni na 19, bayan Darius Wells ya samar da hanyar sassaƙa su da yawa a Amurka wajen 1827. Katako yana tsagewa, tawada kuma ba ta kama ko'ina daidai. Abin da a da yake aibi ya zama ado a shekarun 1990, lokacin da mai zanen haruffa Erik van Blokland ya fitar da haruffan kwamfuta masu suna FF Trixie a 1991 yana kwaikwayon tsohuwar tafireta, sannan mai zane David Carson ya yaɗa wannan salo a mujallar Ray Gun daga 1992.

A bugun katako na gaskiya, ba za ka taɓa samun harafi biyu da suka lalace iri ɗaya ba, kuma a nan ne yawancin na kyauta suke gazawa. Kafin ka biya ko ka sauke, ka rubuta kalma mai maimaita harafi, kamar "babba" ko "sannu". Idan tabon da ke jikin "b" na farko ya sake fitowa a wuri guda a sauran, mai kallo zai gane na bogi ne, ko da bai iya faɗin dalili ba. Masu inganci suna ɗauke da siffa biyu ko uku ga kowane harafi, kuma OpenType, wato tsarin fayil ɗin haruffan kwamfuta, yana musanya su da kansa. A ganina, wannan kaɗai ya isa dalilin biyan kuɗi. Ka kuma gwada ɓ, ɗ da ƙ, domin da yawa ba su da su, sannan ka karanta lasisin, saboda wasu na kyautar an hana amfani da su a aikin kasuwanci.

Game da tambari kuwa, ba na ba ka shawarar haka. Tambari yana shiga kan kati da hatimi da allon waya, inda tabon yake rikiɗewa ya zama datti, kuma injin yankan sitika yana shan wahala da ɗaruruwan ƙananan gutsattsarin da ke jikin kowane harafi. Gara ka sayi kakkauran harafi mai tsabta, ka ɗora masa zaizayar da hannunka a duk lokacin da aikin ya buƙata. A fosta ma, ka taƙaita su ga babban take na kalmomi kaɗan, ka rubuta kwanan wata da adireshi da haruffa marasa ado.