Kuzar nan ta wa ce?

Sale, jiya muna wankin kuza a bakin tafki ka jefo mini tambaya, na ce ka bari sai mun tashi daga aiki. Ka ce: "Maigida, mu ne a cikin rami, gonar ta wani, injin na wani, mai saye kuma shi ke yanka farashi. To kuzar nan ta wa ce, kuma me gari yake samu?" Na daɗe ina jiran ranar da za ka yi wannan tambaya.

A doka, abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Haka dokar ma'adinai ta 2007 ta ce. Mai gona yana da haƙƙin samanta, dole a nemi yardarsa, a kuma biya shi diyya. Amma mai ikon ɗebe kuza ya sayar da sunansa shi ne wanda ya riƙe lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja. Mu da muke tona ba takarda, ko shekara talatin muka yi a rami, ranar da mai takarda ya iso sai dai mu kwashe diga da shebur.

Wannan ba yau aka fara ba. Kafin Turawa su hau dutsen nan na Jos, mutanen Ririwai suna narka kuza da kansu, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su ɗauka. Da kamfanoni suka zo, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, aka jawo lantarki daga tashar ruwa ta Kurra saboda injinan haƙa, sana'ar ta bar hannun 'yan ƙasa, suka koma leburori. Lokacin yaƙin duniya na biyu har tilas aka yi wa mutane, aka kwaso su daga lardunan Arewa, sanyin nan ya kashe da yawa. Mahaifina ya yi shekara ashirin da kwanon sarki a ka a wani kamfani a Bukuru. Na san tabon da ke tsakar kansa, inda gashi ya daina fita. Da farashin kuza ya faɗi a kasuwar Landan a 1985 aka watse, abin da ya rage masa keke ne da tari. Berom masu ƙasar kuma aka bar musu tafkuna a inda gonakinsu suke. Ka bi hanyar Barikin Ladi ka ƙirga da idonka.

Saboda haka nake matsa muku a kan ƙungiya. Doka ta yarda ƙungiyar gama kai mai rajista ta nemi lasisin ƙananan masu haƙa. Mutum ɗaya kuɗin takarda da zirga-zirgar Abuja za su karya shi, mutum ashirin kuwa za su iya. In kuna da takarda, mai kuɗi in ya zo da injin jan ruwa abokin ciniki ne, ku zauna ku yanka kasonsa. In ba ku da ita, shi ne ubangida, ya ba ku kuɗin abinci da mai, ya ce duk abin da ya fito nasa ne a farashin da ya ga dama. Na yi shekaru a wannan hali, ban so ka maimaita.

Sai sikeli. A nan ake cinye mu, fiye da a rami. Kada ka kai kuza da danshi ko da yashi, don mai saye zai rage maka fiye da nauyin dattin. Ka shanya ta, ka bi ta da maganaɗisu ka cire baƙin ƙarfe, ka kuma sa a raba maka kolambait, wani ma'adini mai daraja da ke fitowa gauraye da kuza, domin wani lokaci yana cikin buhunka kana sayar da shi a matsayin datti. Ka auna a gida kafin ka fita. Ƙungiyar da ta sayi sikelinta ta kuma san darajar kayanta ta riga ta karɓo rabin haƙƙinta.

Batun gari kuwa, a nan zuciyata ta fi zafi. Dokar ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya rubuta yarjejeniya da mutanen wurin kafin ya fara aiki: karatun yara, koyar da sana'a, ɗaukar 'yan gari aiki, ruwa, hanya, asibiti. Ana sake duba ta duk shekara biyar. Amma sau nawa aka karanta ta a bainar jama'a? Na ga inda mutum uku suka sa hannu a ɗaki, aka haƙa burtsatse ɗaya, kafin damina ta zagayo ya ƙafe, babu wanda ya san inda zai kai kuka. Ni a ganina, yarjejeniyar da matan da ke wanke kuza da matasan da ke shiga rami ba su ji ta da harshensu ba, ba ta gari ba ce.

Kuma kada mu ɗora wa kamfani kaɗai. Ranar da muka karɓi lasisi, nauyin nan a wuyanmu yake. Mutumin da muke tona gonarsa, da dankalin Turawan da yake nomawa a cikinta yake ciyar da iyalinsa. Loto, wato ramin kuza, da ka bari a buɗe ciyawa ta rufe bakinsa, saniya ko yaro ne zai faɗa. Zaman Jos ka san yadda yake, ramin da ba a cike ba yana iya tayar da abin da ya fi ƙarfinmu duka. Shi ya sa nake sa ku ware ƙasar sama gefe guda, in mun gama mu cike, mu mayar da ita, ko da kuna gunaguni cewa aikin kwana biyu ne ba kuɗi.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna da mai gonar da dattawan unguwarsu kan rami na gaba. Ka zo da katin ɗan ƙasa da hoto biyu a sa sunanka cikin ƙungiya. Ka taho da littafi ma, kai za ka rubuta abin da aka yarda a kai, ka karanta musu kafin kowa ya tashi.