Ga ƙanwata da ɗanta bai fara tafiya ba, kuma ba a gano ciwon ba

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu da yara suka tafi makarantar allo na samu zama. Kin ce yaronki yana da shekara 2 da wata 4, ba ya tsayuwa sai an riƙe shi, bakinsa bai wuce "ba-ba" ba, an yi gwajin jini a Marwa an ce lafiya lau, yanzu kuma an ce ku tafi Yawunde a ɗauki hoton kansa, kina tambaya ko ku sayar da abin hannunku ku tafi. Allah ya ba shi lafiya. Ni ba likita ba ce, ɗinki nake yi a Garwa, amma hanyar nan na bi ta da autana. Shekararsa 7 yanzu, kuma har yau ba wanda ya faɗa mana sunan abin da ke damunsa.

Da farko, kin yi daidai da ba ki zauna ba. Ni sai da na ɓata kusan shekara ina sauraron "namiji ne, nauyin ƙafa gare shi, babansa ma haka ya yi". Uwar mijina, Allah ya jiƙan ta, da kyakkyawar niyya ta kai shi wurin wanzami aka duba ƙasan harshe, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Addu'a kam har gobe muna yi. Amma yaron da ya wuce wata 9 bai zauna da kansa ba, ko ya wuce wata 18 bai taka ba, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, asibiti ne maganarsa.

Mu mun je Yawunden. Mota daga Garwa zuwa Ngawundare, sannan jirgin ƙasa kwana guda cur, yaro a cinya yana zufa, 'yan kunnena na aure sun tafi a kuɗin hanya da na hoto. Hoton IRM, wato hoton cikin kai da ake shigar da mutum cikin na'ura a ɗauka, ba a yin sa yaro yana motsi, dole sai an sa shi barci, don haka aka hana shi nono da kunu tun asuba. Ina zaune a benci yana jan rigata yana kuka marar sauti, ina kawar da kai kamar ban san abin da yake nema ba. Bayan kwana uku likita ya ɗaga hoton ya ce bai ga komai ba. Wallahi ban san ko in yi hamdala ko in fashe da kuka ba. Na je ne in dawo da suna, sai na dawo da babban ambulan da har yau yana ƙarƙashin katifa.

Ban ce kada ku je ba. In likitan yara ya ga kan yaron ya yi ƙanƙanta ko ya cika girma, ko gefe ɗaya na jikinsa ya fi rauni, ko yana jijjiga, hoton yana da dalili. Abin da nake cewa shi ne ki tambaye shi kai tsaye: in hoton ya nuna wani abu, me za a canja a jinyar yaron? In Faransanci na ba ki wuya, ki tafi da wanda zai fassara miki da Hausa ko Fillanci, ki hana shi taƙaita magana. Mijina ya sha taƙaita mini bayanin minti goma zuwa "ya ce a yi haƙuri".

"Gwajin jini lafiya lau" da aka ce miki, wanne aka gwada? Ki ɗauko takardar ki duba ko akwai TSH. Gwajin wata halitta ce da ke gaban wuya, wurin da maƙoƙo yake fitowa. In ba ta aiki sosai yaro yana yin sanyi, ga yawan barci, ga taurin bayan gida, girma da wayo su tsaya. A wurarenmu ba a saba yi wa jarirai gwajin ba, alhali maganinsa ƙwaya ce ƙarama kullum da safe, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Akwai wata baiwar Allah daga garin Gidar da muke bin layin asibiti tare, 'yarta sai da ta shekara 3 aka gano, ta ce da ta sani tun tana goyo. Mu a reshen Centre Pasteur na nan Garwa muka yi namu gwaje-gwajen. Sai a duba ƙarancin jini, wanda shi aka samu a nawa. Sai kunne. Kada ki ce ai yana juyowa in an buga ƙofa, nawa ma yana juyowa. Jin ƙara daban, rarrabe magana daban. Yaron da ya taɓa yin sanƙarau ko shawara mai tsanani yana jariri, lallai a gwada jinsa.

Likita zai yi miki tambayoyin da za ki ga kamar ba su da alaƙa. Ya yi kuka da aka haife shi? Naƙuda ta daɗe? Idonsa ya yi rawaya a makon farko? Ya taɓa zazzaɓin cizon sauro har ya suma? Ke da mijinki 'yan'uwa ne? Ni ɗan baffana nake aure, kuma na ji kunyar faɗa, sai a zuwa na uku na faɗa. Ki faɗi gaskiya tun farko, ba laifi ake nema ba. Ki sayi littafin makaranta ki rubuta ranar da ya fara kowane abu, ki haɗa da katin rigakafi da duk takardun gwaji a leda ɗaya. In kin ga yana ƙura ido ba ya amsawa, ko yana gyaɗa kai da sauri sau da yawa a jere, ki ɗauke shi bidiyo a waya, don a gaban likita ba zai yi ba. Wannan, da kuma yaro ya manta abin da ya riga ya iya, su ne ba a jira da su ko mako guda.

Babban kuskurena shi ne na ɗauka sai an san ciwon za a fara aiki. Wata mai gashin ƙashi, waɗanda muke ce wa kine, ita ta farkar da ni. Ta ce ko an samu suna ko ba a samu ba, abin da za ta koya wa ƙafafunsa ɗaya ne. Ta nuna mini in zaunar da shi cikin bahon wanki in kewaye shi da zannuwa, in ɗora abin wasansa a kan turmi don ya kama baki ya miƙe, in daina goya shi yini guda saboda tausayi. Kafinta ya yi mana keken katako mai ƙafa uku, muka ɗaura dutse a gaba don kada ya gudu da shi. Yayyensa suka mai da abin wasa, suna tafi suna masa tatata a tsakar gida bayan la'asar. Ya saki hannu yana da shekara 3 da wata 2, taku huɗu, ya faɗa cikin kwanon tsaki. Magana kuwa, ta ce in riƙa faɗa masa sunan duk abin da hannuna ya taɓa, in dakata in ba shi lokacin amsawa. Har maƙwabta suka fara cewa maman auta ta fara magana ita kaɗai.

In dai tafiyar ta kama, ku jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: akwai cibiyar kula da masu naƙasa ta ƙasa a unguwar Etoug-Ebé da ke Yawunde, ku nemi a duba shi a can, a koya miki motsa jikin da za ki ci gaba da yi a gida. Ki kuma leƙa ofishin jin daɗin jama'a na Marwa ki tambayi katin naƙasa, dokar Kamaru ta 2010 ta tanade shi. Mijina ya ƙi da farko, wai an yi wa ɗansa baki. Da maganar makaranta ta zo shi da kansa ya je ya karɓo.

Nawa yanzu yana zuwa makaranta, yana bayan sa'o'insa, gudunsa da ɗingishi, kuma in ya yi magana mu na gida muka fi ganewa. Ki ɗauki hoton takardun gwajin nan ki turo mini ta akwatin sirri, ki rufe sunansa, in duba miki ko TSH ɗin na ciki. Yana shaƙewa in yana shan kunu?