Ki taka da ƙafarki ki je, kuma ki ce sai kin ga kati

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki raina ya sosu. Yaro yana aji shida, an shiga zango na biyu, makaranta ba ta ce miki uffan ba a kan karatu ko jarrabawar shiga sakandare, in kin tambaye shi sai ya ce "Malam bai ce komai ba". Haka aka yi mini da ɗiyata ta fari a nan Gusau, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Makarantar kuɗi ce, ba zan kira suna ba. Sun buɗe guruf na WhatsApp na iyayen 'yan aji shida, amma lambobin maza kaɗai suka zuba. Baban yara direba ne, yau yana hanyar Funtuwa gobe yana Sakkwato. Ranar da ya kunna data sai ya tarar saƙonni sun yi tsibi, rabi barka da Juma'a, rabi tallan shadda da fili. Ni da nake wanke yunifom, nake buɗe jakarta, ba ni ciki. Na ce wa malamin ajin ya sa ni, sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai Alhaji yana ciki, ya wadatar."

Kuɗin rajistar Kwaman Entirans ta NECO, wato jarrabawar shiga sakandare, hannu da hannu na ba shi. Na nemi rasit, ya ce ba a ba da rasit a wannan. Duk lokacin da na tambaya, "an gama Hajiya, ki kwantar da hankalinki." Ashe sun saka a guruf ɗin nan cewa wanda bai kawo hoton fasfo da takardar haihuwa ba ya kawo kafin Juma'a. Ba wanda ya gani a gidanmu. Kuma mutumin nan yana da lambata! In wata ya ƙare ba a kai kuɗin lesin ba, kafin azahar ya kira ni. Amma ranar da maganar makomar yarinya ta taso, sai wayarsa ta rasa kati.

Ranar Asabar ɗin jarrabawa muka hau Keke Napep tun da sassafe. Ta fiƙe fensiranta tun dare, kakarta ta yi mata tofi a ruwa ta sha. Muna isa na ga kowane yaro riƙe da takarda mai hotonsa da lambarsa, tawa hannunta fensir ne kawai da abin goge rubutu. Muka bi jerin sunaye daga sama har ƙasa, muka sake bi. Wani jami'i, Allah ya saka masa, shi ma ya duba mana, ya ce, "Mama, wannan yarinya ba a yi mata rajista ba." Ƙawayenta suna wucewa suna ɗago mata hannu. Ba ta yi kuka ba, shi ne ma abin da ya fi ƙona ni, sai cewa take yi, "Mama, ko sun rubuta sunana ba daidai ba ne?" Na kira malamin, waya a kashe. Muka tsaya bakin ƙofa har aka rufe, rana ta take, muka juyo gida. Ranar Litinin hedimasta ya ce mini wai ƙaddara ce, Allah bai nufa ba. Na ce Malam, ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta karɓi kuɗina ba. Shi kuwa malamin ko kallon idona bai iya yi ba, kuɗin ma a gutsure ya dawo da su, kamar mai biyan bashin ƙosai. Haƙuri ɗaya bai ba yarinyar ba. Ɗaya!

Wasu a nan za su ce da wannan rashin tsaro wa ke ɗokin makarantar kwana, bayan sace ɗaliban da aka yi a Jangebe da Birnin Yauri a 2021. Na yarda. Mai yiwuwa ko ta ci mu ƙi kai ta. Amma ni da ubanta ne za mu yanke wannan, ba sakacin wani ba.

Don haka ki shirya ki je makarantar, kada ki aika yaro, kada ki tsaya a waya. Ki ce kina son ganin hedimasta da malamin aji a zama ɗaya, domin in kin same su daban kowa zai tura ki wurin ɗan uwansa. Ki tambaya wace jarrabawa za su sa shi. Ta NECO ita ce ta shiga makarantun gwamnatin tarayya, irin ta 'yan mata da ke nan Gusau, da ta Anka, ko ta Gwandu da Zuru a Kebbi, makarantun kuɗi kuwa kowace da tata. A ta NECO ana son yaro ya kai shekara 10. In sun ce an yi rajista, ki ce a ba ki katin mai hoto ki riƙe a hannunki, ki duba sunan harafi bayan harafi da ranar haihuwa. In suka fara kame-kame, ki ɗauki takardar haihuwa da fasfo ki je shagon intanet a yi masa a gabanki. Haka na yi wa ƙanenta.

Maganar karatu kuma, ki ce a nuna miki manhajar zangon, ki ɗauki hotonta da waya. Da dare ki buɗe littattafansa ki duba kwanan wata da jan biro. Ko ba ki jin Turanci za ki gane in an yi sati biyu ba a rubuta komai a littafin lissafi ba. Ki tambaya ko ana yi musu kwantitetib da babal, tambayoyin wasa ƙwaƙwalwan nan, domin takarda guda ce sukutum a jarrabawar, ban da lissafi da Turanci da kimiyya. Kuma a koya masa cike gurbin amsa da fensir, akwai yaran da sun san amsa amma wurin shafawar suke ɓata takarda.

Guruf kuwa, ki matsa a sa ki, ki kuma ce a buɗe wanda malamai kaɗai ke rubutu a ciki. Amma kada ki jingina da shi. Kun tuna watan Satumba na 2021 da aka yanke mana sabis aka rufe makarantu? Duk guruf-guruf ɗin nan mutuwa suka yi, labarin makaranta sai dai a bakin maƙwabta. Ki samu uwa ɗaya ko biyu da 'ya'yansu ke ajin, ku riƙa tuntuɓar juna. A taron PTA ma ki daina zama can baya kina shiru don maza na magana, ki ce a ba ku ranakun komai a rubuce a takarda.

Af, ki jira zango na uku ki sha mamaki. Makarantar da ta yi gum a kan karatu, a kan bikin yaye ɗalibai sai ta aiko takarda da saƙo da kira: kuɗin gawun, kuɗin hoto, kuɗin abinci, anko na iyaye. Mu har ankon suka kawo mana bayan abin da suka yi, ko kunya babu. Ban saya ba, ban je ba. Ki kuma tambayi lokacin lesin ɗin yamma tun yanzu, don yakan ci karo da Islamiyya, mu sai da na je na roƙi malamin hadda ya mayar da ƙanenta ajin bayan la'asar.

In kina cikin Gusau ki yi mini magana ta gefe. Ina da littafin tsofaffin tambayoyi da ƙanenta ya gama da shi, an ɗan zana wasu shafuka amma zai yi amfani, sai a aiko yaro ya karɓa.